Tsaga Bakwai a Lasifikar Ladan

Jafaru mai gyaran rediyo yana da kaset guda ɗaya da ba ya ba kowa aro. A jikinsa ya rubuta "Wa'azi, kashi na biyu" da jan biro, tun shekarar da aka ƙaddamar da shari'a, lokacin da masu sayar da kaset na bakin tasha suka kwashe na kiɗa suka tura ƙarƙashin tebur. Babu wa'azi a ciki. Waƙoƙi shida ne na Hadarin Gabas, wasu samari huɗu 'yan Daura da suka yi tashensu suka gama tun Jafaru yana rarrafe.

A Mashi ya tsince shi, cikin akwatin kawunsa direba, yana aji biyu na sakandare. Ya sa a rediyo, ya ji abin da bai taɓa ji ba. Jita ce, amma ba irin ta gidan rediyo ba. Wannan kuka take yi, kamar an saki ƙudan zuma cikin garwa an rufe. Ganga na bin ta a guje. Mai waƙar kuma can nesa, kamar daga ƙasan rijiya yake kiran wani. Akwai guda mai suna "Hanyar Kongolam", minti goma sha ɗaya, baitinta biyu kacal. Sauran duk kukan jitar ne, ta hau, ta sauko, ta yi kamar ta ɓace, sai ta ɓullo ta wani wajen.

Da ya gama koyon gyara ya ce wa mahaifiyarsa a Daura zai buɗe shago, don kasuwar ta fi girma. Gaskiya ne, amma ba shi ne dalili ba.

A Daura ya samo Baba Mati, tsohon makanike, wanda shi ne mai gangar. Garejinsa ya daɗe da mutuwa, sai inuwar darbejiya da benci da gawar wata mota da kaji ke ƙwai a ciki. In Jafaru ya kai masa goro, bakin Baba Mati ya buɗe ke nan. Jafaru kuma ya buɗe littafinsa, irin na 'yan makaranta, ya yi ta rubutu.

A 1974 suka fara, nan cikin garejin, bayan an tashi aiki. Nagoggo ne mai waƙa, ɗalibin da aka kora daga makaranta saboda ya ƙi aske sumarsa. Shi ne suke zura wa makirufo cikin duron mai da babu komai, ya sunkuya ya yi waƙa a ciki, shi ya sa muryar take fitowa daga rijiya. Sadiq ke riƙe da jita mai kaurin murya, kuma da tsirkiyarta ta tsinke wayar birkin keke ya ɗaura. Fitilun sigina na matattun motoci suka jera a kan katako, ja da ruwan goro, suna ƙyaftawa. Wandunansu ƙafa kamar buhu. Sun yi wasa a otal-otal na bayan gari da bukukuwan ma'aikata, sau biyu suka ƙetara Damagaram. A wani biki tsofaffin mata suka watse da gudu, sun ɗauka injin wuta ne zai fashe. Kaset ɗin a yini ɗaya suka ɗauke shi, a 1977, kwafi arba'in. Bayan shekara biyu Nagoggo ya bi Sahara ya tafi Libiya, Sadiq ya koma fataucin shanu har Allah ya yi masa rasuwa.

Saura mai jitar, wanda suke kira Kaftin. In aka zo kansa sai Baba Mati ya ɓantari goro ya dubi kaji, ya ce Kaftin ya yi nisa. Ina ne nisan, ba ya faɗa. Yadda aka yi jitar take wannan kukan kuwa, ya rantse bai sani ba. Wai wata rana Kaftin ya kulle kansa a ɗakin kayan aiki da akwatin lasifikarsa, ya fito da wannan sautin, kuma bai taɓa barin kowa ya kwance akwatin ba.

Wannan shi ne ciwon Jafaru. Yana da jita ta gwanjo da ya sayo a Kano, ya ɓoye bayan matattun talabijin. Ba abin da bai gwada ba. Ya sauya waya, ya ƙure ƙara, ya ƙona na'ura biyu. Kullum sautin fes yake fitowa, mai ladabi, kamar ɗan makarantar da aka yi wa wanka. Ga kaset ɗin yana tsufa. Sau biyu zaren ya tsinke, ya liƙe da jan farcen Talatu, mai tuyar awara a gefen shagonsa. Gefe na biyu ya fara jan murya. Jafaru ya san ranar da kaset ɗin nan ya mutu, sautin ya bar duniya, tunda bai taɓa jin mai kwafi na biyu ba.

Wata Laraba da hantsi, an ɗauke wuta, sai ga Alhaji Maiturare a kan babur, ya ɗauro wani tsohon akwatin lasifika na katako a baya. Sabon shugaban kwamitin masallacin unguwarsu ne, can bayan Kusugu, inda Jafaru bai cika zuwa ba. Tun kafin ya kashe babur ya fara ƙorafi. Shekara ashirin da biyu, in ji shi, ladaninsu Malam Hussaini yana gana wa kunnuwansu azaba da wannan akwati. Kiran salla sai ka ce ana yankan langa-langa. An yi an yi ya bari a gyara, ya ce haka Allah ya yi ta. Yanzu ya tafi Dutsi ta'aziyya, kwana biyu zai yi, a gama kafin ya dawo.

Jafaru ya ce an gama.

Da akwai wuta, da ya fara gwadawa ya ji. Babu, kuma gwani ba ya jiran wuta a kan ciwon da ido ke gani. Ya kwance murfin baya ya kifa shi a ƙasa, ya cire yadin gaba. Ga takardar lasifikar nan, baƙa, duk a tsattsage. A bakin tsagogin wani ya ɗinka 'yan zobba na ƙarfe da zaren dukawa. Jafaru ya yi tsaki. Ɓeraye sun yi nasu, wani ɗan ƙauye mai gyara ya zo ya ƙara nasa. Ya sa wuƙa ya ɓanɓare takardar tsaf, ya cilla ta kwandon shara da ke bakin ƙofa. Ya ɗauko sabuwa, guda ɗayan da ta rage masa mai wannan faɗin, ya shafa gam, ya zaunar da ita. Aiki ya yi kyau. Har ya ɗan ja baya ya kalla.

Da ya ɗago murfin bayan zai mayar, ya ga ƙura ta yi masa yawa, ya sa tsumma ya goge. Farin fenti ya fito, rubutun hannu.

HADARIN GABAS. GAREJIN MATI, 1975. KADA A TAƁA. KAFTIN.

Ya karanta sau biyu. Sannan ya ajiye murfin a hankali, kamar ƙwai, ya fita a guje.

Akuyar Talatu na tsaye a kan kwandon, ta lumshe ido, tana tauna. Abin da ya rage a bakinta bai kai tafin hannu ba, kuma yana kallo ya shige. Ya durƙusa ya kama muƙamuƙinta yana leƙa ciki. Talatu ta saki matsamin awara ta riƙe ƙugu.

"Injiniya, yau kuma akuyar ce ta daina kama tasha?"

Jafaru ya saki akuyar. Ya zazzage kwandon a ƙasa, ya tsinci zobba uku. Da ya tuna, biyar ne.

Ya rufe shago ya tafi wajen Baba Mati, ya zube masa zobban a hannu, ya ba shi labari. Tsohon ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, kaji suka watse. Da ya lafa ya tambayi masallacin wace unguwa, da sunan ladanin. Jafaru ya faɗa.

"To ɗan Mashi, kai ka faɗa. Ni ban faɗa ba."

Daga nan ya ƙara kaɗan, yana kallon gefe. A 1980 mai jitar ya aske suma, ya shiga karatun addini, ya sa Mati ya rantse ba zai gaya wa kowa shi ne Kaftin ba. Tun daga nan sai dai su haɗu a jana'iza su gaisa kamar baƙi. Akwatin kuma Mati ya ɗauka an daɗe da yin itacen girki da shi. Bai taɓa zuwa waccan unguwar lokacin salla ba, da ya gane.

Jafaru ya koma shago ya zauna gaban sabuwar takardar da reza a hannu. Ya yi ƙoƙarin tuna tsagogin. Nawa ne? Ina suka fara, ina suka tsaya? Ya gan su, amma bai dube su ba. Shekara goma sha biyu yana neman abu, an kawo masa har kan tebur, ya ba akuya. Ya ajiye rezar. Washegari Alhaji ya zo ya ɗauki kayansa yana ta sa albarka.

Ranar Juma'a da la'asar Jafaru ya taka har masallacin. An mayar da akwatin mazauninsa, kan katanga, ƙarƙashin wata 'yar rumfar kwano. Malam Hussaini ya fito daga wajen alwala. Siriri ne, farin gemu, hula ta sha wanki har ta yi laushi. Jafaru ba fuskarsa ya kalla ba, hannun hagunsa ya kalla. Yatsu dogaye.

Malam ya ɗauki makirufo, ya ƙwanƙwasa sau biyu, ya fara kiran salla. Muryar ta fito fes, siririya, muryar tsoho da ba abin da ya rufe ta. Ya ɗan yi jim, ya waiwayi katangar, sannan ya ci gaba ya ƙarasa. Alhaji Maiturare na gefe yana gyaɗa kai yana duban jama'a, a ga aikin kwamiti.

Bayan an idar Jafaru ya bi Malam wajen takalma, ya rusuna ya gaishe shi, ya yi masa ta'aziyya, ya ce shi ne ya yi gyaran. Malam ya ce Allah ya yi albarka. Jafaru ya matsa, ya rage murya.

"Allah gafarta Malam, na ga rubutun da ke ciki. Ina da kaset ɗin. Kaftin..."

"Yaro, ni ban taɓa aikin soja ba." Ya zura takalmi. "Ka gaida gida."

Kwana uku Jafaru bai kunna kaset ɗin ba. Talatu ta ce ko an hana shi wata budurwa ce, ta ƙara masa yaji a awara ko zai warware. Akuyar kuwa lafiyarta lau, har ƙiba ta yi.

Ranar Talata da hantsi keke ya tsaya a ƙofar shago. Malam Hussaini ne, akwatin na ɗaure a baya da roba. Ya yi sallama, ya shigo da shi da kansa, ya aza kan tebur, ya ce lasifikar ba ta da lafiya.

Jafaru ya ce ai sabuwar takarda ce.

Malam ya ce shi ne ciwon. Ya zauna kan wani mataccen talabijin ya yi bayani, ba gaggawa. Masallatai huɗu ne kewaye da unguwar, kowanne da lokacinsa, wani na gaba da minti biyar, wani na baya da goma. Matan da ke cikin gida ba agogo suke dubawa ba, muryar masallacinsu suka sani. In suka ji wannan ƙarar, su sauke tukunya, su tashi mazan da suka kishingiɗa. Tun Juma'a sahu ya ragu rabi. Wata tsohuwa ta aiko a tambaya ko ladan ya rasu ne ba a gaya mata ba. Mai wankin hula na ƙarshen layi, da kunnensa ya yi nauyi, kwana huɗu ke nan sai an idar yake isowa.

"Ni ma kaina," in ji Malam, "na ji muryata ba riga. Ban san na tsufa haka ba." Ya dubi Jafaru. "Kana da reza sabuwa?"

Jafaru ya ɓare sabuwa ya miƙa masa. Malam ya tambayi zobban. Jafaru ya kawo uku, ya nuna akuya ta ƙofa ya ce sauran biyun suna can. Malam ya dubi akuyar, ya ce Allah ya sa ta amfana. Ya ciro makullansa, ya zare zobba biyu daga jiki.

Ya naɗe hannun riga. Ya kwantar da lasifikar a cinya kamar mai shirin yi wa jariri aski. Ba ya magana da Jafaru kai tsaye, da takardar yake yi. Daga gefe ake farawa a nufi ciki, amma kada a kai tsakiya, in an kai an kashe ta. Tsagogin bakwai ne. Huɗu tsawon gaɓar yatsa, uku gaɓa biyu, kuma kada doguwa ta zauna kusa da doguwa sai a wuri ɗaya. Rezar na tafiya siririf. Sannan ya karɓi allura da zare ya ɗinka zobban sako-sako, yadda za su iya rawa. Ya ce a wajen kakansa ya gani, mafarauci ne mai garaya, kuma a kan garayar akwai ɗan ƙarfe mai zobba da ke karkarwa in an kaɗa. Kakan ya ce kiɗan da ba ya karkarwa ba ya shiga ƙashi. Shi kuma Malam, da ya sayi jita wajen wani malamin makaranta ɗan Gana ya ji ta fes, sai ya ji kamar an ba shi fura ba nono.

Jafaru bai ƙyafta ido ba. Wannan karon ya duba.

Da aka ɗaure kusoshi, Jafaru ya jona batirin mota. Malam ya laluba aljihu, ya ce af, ya baro makirufo a masallaci. Jafaru yana da makirufo uku a cikin aljihun tebur. Ya ce shi ma nasa duk sun lalace. Ya tashi ya ture talabijin biyu, ya jawo jitar, ya goge ta da gefen rigarsa, ya miƙa.

Malam ya daɗe yana kallonta bai karɓa ba. A waje mai na ta ƙara cikin kaskon Talatu.

"Gwaji ne," in ji Malam.

"Gwaji ne, Allah gafarta Malam."

"Janyo ƙofar."

Ya karɓa, ya murɗa kunnuwanta yana ɓata fuska, ya ce wa ya ɗaure ta haka kamar ragon layya. Jafaru ya sulala hannu wajen rikoda. Malam bai ko ɗago ba ya ce ya cire hannunsa daga nan. Ya cire.

Sai Malam ya kaɗa.

Ƙudan zuman suka tashi. Ba daga tsohon zaren kaset ba, nan gabansa, da ƙarfinsu, har ƙananan kusoshin da ke cikin gwangwani suka hau rawa. Farkon "Hanyar Kongolam" ne. Yatsun sun yi tuntuɓe sau ɗaya, sau biyu, daga nan suka tuna hanya. Sautin ya hau, ya sauko, ya yi kamar ya ɓace, ya ɓullo ta bayan talabijin. Malam ya rufe ido, gemunsa na karkarwa, ƙafarsa ta dama na taka ƙasa ba da izninsa ba. Jafaru ya jingina da bango. Bai san minti nawa aka yi ba. Bai kai goma sha ɗaya ba, wannan ya tabbata, don ya san inda aka tsaya.

Malam ya dafe tsirkiyoyin da tafin hannu. Shiru.

Talatu ta buga ƙofa tana tambayar ko wani abu ne ya kama da wuta, akuyarta ta tsinke igiya ta yi kasuwa.

Malam ya miƙa wa Jafaru jitar, ya warware hannun riga, ya gyara hula.

"Ta gyaru," ya ce. "Azahar ta kusa."

Ya ɗaure akwatin a keke ya tafi, bai waiwayo ba.

Da yamma Alhaji Maiturare ya iso a fusace. Wane irin gyara ne wannan, kwana huɗu ya warware, har ya fi da muni? Jafaru ya sunkuyar da kai ya ce tsohon ciwo ne, Alhaji, irinsa ba ya jin magani. Alhaji ya ce zai gaya wa duk unguwar kada wanda ya ƙara kawo masa ko tocila. Ya kuwa gaya musu. Jafaru bai damu ba. Ya buɗe littafinsa, ya zana da'ira, ya ja layi bakwai, huɗu gajeru, uku dogaye, ya sa ɗigo biyar. A shafin da ya bari fari shekara huɗu, mai taken Kaftin, bai rubuta suna ba. Ya rubuta, "Ya yi nisa." Sannan ya aika direban Kano ya sayo masa takardar lasifika guda uku.

Tun daga ranar, in azahar ta gabato sai ya rufe shago, ya wuce masallacin kasuwa da ke taki goma, ya ratsa gari har bayan Kusugu. Da la'asar ma haka. Talatu na gaya wa masu sayen awara cewa shari'a ta shiga jikin Injiniya, yanzu ko liman bai riga shi sahu ba.

A mako na biyu ya iso da wuri ya tarar an riga shi. Baba Mati ne zaune kan dakali, daidai ƙarƙashin rumfar kwanon, ya sa rigarsa ta zuwa jana'iza. Suka gaisa kamar ba su san juna ba. Malam Hussaini ya fito daga wajen alwala, ya ga tsohon makaniken, ya ɗan tsaya. Sannan ya ɗauki makirufo ya ƙwanƙwasa sau biyu. Akwatin ya yi gurnani, zobban suka karkaɗa. Baba Mati ya damƙe gwiwoyinsa da hannu biyu, don kada hannayen su tuna ganga su ba shi kunya a ƙofar masallaci.